Yadda Na Cire wa Moton Tunga Iska

Tun ranar da na dawo ban huta da tambaya ba. A bakin famfo, a gidan suna, a gaban teburin kokona, duk wadda ta gan ni sai ta ce, "Mma Hajara, wai da gaske kin je Nijar kin kori aljanu?" Hajiya Memuna ta unguwarmu har aike ta yi, ko zan duba mata jikarta mai firgita. Ni kuma kun san muryata, in na fara bayani sai hon ɗin motocin hayarmu, torotoro, ya cinye rabi. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta a hankali, mai son sani ta karanta, wadda ba ta iya ba a karanta mata.

Ga waɗanda ba su san ni ba, na daɗe ina sayar da koko da ƙosai a Maamobi, nan Ankara ta Ghana, a bakin garejin maigidana, wanda kowa ke kira Masta. Gyaran moto, wato babur, ne aikinsa, kuma shi ake kawo wa waɗannan masu ƙafa huɗu da ake haya a bakin teku ana gudu da su a kan yashi. Da idonsa ya fara rauni, ni da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, ni na koma mai karanta masa lambobin jikin kwali da na jikin inji. Zama da maɗaukin kanwa ne, kaina ya yi fari ban sani ba. Amma ban taɓa riƙe sifana ba, ban kuma taɓa hawa moton ba.

'Yata ta fari, Sakina, tana aure a wani ƙauye bayan Gaya ta Nijar, Tunga kawai suke ce masa. Mijinta Hamidu fataucin albasa ya kawo shi nan Ankara, daga baya ya koma gida noman shinkafa. Da cikinta ya tsufa ƙafafunta suka kumbura, malamar asibiti ta ce jininta yana hawa, kada ta kuskura ta haihu a gida. Asibitin kuwa yana can wani gari, fadama ce tsakaninsu, ga damina ta kankama. Na san ƙungiyar manomansu tana da moto mai ƙafa huɗu a hannun Hamidu, shi ne na ɗan sami kwanciyar hankali. Sai dai ya taɓa gaya wa Masta a waya cewa moton ba ya jin magana. Ranar da zan tashi Masta ya ƙulle mini fulogi biyu da wani ɗan ƙarfe kamar biro, gejin auna iskar taya. Ya ce, "Ba shi kawai, zai gane."

Daga Ankara zuwa Aflao ba abin da ya faru sai barci. A kan iyaka ne na fara shan kunya. Na buɗe jaka in ciro katin rigakafi, ashe kwalbar shito da na ɗauko wa Sakina ta kwance, yaji da mai sun jiƙa katin, rawaya ya koma ja. Ma'aikacin ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya shinshina, ya yi atishawa har sau uku.

"Maame, wannan rigakafin naki ya fi na allura ƙarfi," in ji shi. Ya duba hatimin yana nan, ya ce in wuce.

Wadda muka zauna kujera ɗaya da ita, Iya Basira, Bayarabiya ce haifaffiyar Kotobabi, tana kai atamfa Parakou. Allah ya saka mata, ita ta zama bakina daga Lome har arewacin Benin, don ni Faransanci ko sannu ban sani ba. Ita ta saya mini burodinsu mai tsawo kamar taɓarya, bayansa na yanka dasashi, cikinsa ba komai. A Kwatano na ga moto kamar fara, mata da goyo da kwando a ka suna zaune a baya ko riƙewa ba sa yi. Na kuma ga manyan kwalabe jere a bakin titi cike da wani abu ruwan zuma. Na ce, "Iya, mutanen nan suna son man gyaɗa paa." Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ashe fetur ne.

A Parakou gidan ƙanwarta muka sauka. Gari na wayewa na ji luguden turmi, na ɗauka biki ake yi. Wai karin kumallo ne, sakwarar doya zalla da miyar gyaɗa da wagashi, wato cukun nono. Mu a gida wa zai daka fufu rana ba ta ɗaga ba? Na ci don kada in ɓata wa masu gida, daga baya na ƙara don kaina.

Da muka haye kogi muka shiga Gaya sai na ji Hausa ta ko'ina, na ce na zo gida. Ashe da saura. Mu Hausarmu ta Zongo ba ruwanta da mace da namiji, kowa "ya" ne. A rubutu malamarmu ta gyara mini, amma baki ya riga ya saba. Wani dattijo a tasha ya tambaye ni wurin wa na zo, na ce, "Wurin ɗana, ya kusa haihuwa."

Ya cire goro daga baki ya dube ni. "Namiji zai haihu? Lalle Ghana an ci gaba."

Ana cikin dariyar Hamidu ya iso. Wannan Hamidun da ke zama a bencina yana shan koko yana musun ƙwallo da masu gareji, sai ga shi ya cire takalmi ya durƙusa can nesa, idonsa a ƙasa, muryarsa kamar ta marar lafiya. Na ce ko wani abu ya sami Sakina? Ya ce lafiya lau. Kunyar suruka ce, a can haka ake yi. Na duba bayansa ban ga moto ba. Amalanken shanu na gani.

Tun hantsi muke tafiya sai la'asar muka shiga Tunga. Sau biyu ƙafar amalanken tana nutsewa a fadama, mu sauka a tura. A nan taɓo ya karɓe mini silifa ɗaya, har yau yana can. Duk girgizar da amalanken ya yi sai in ji ta a cikin Sakina. Mace mai naƙuda, jini na hawa, wuni guda a kan wannan?

Ina shiga gida na hango ta a kan tabarma, na ce, "Sakina!" na rungume ta. Matan gidan suka rufe baki. Uwar Hamidu, Inna Hassu, doguwa ce mai murya kamar ganga, ta ce, "Ikon Allah. 'Yar fari kike kira da suna gatsau haka?"

Na ce, "Inna, a Maamobi in ba ka kira ɗanka da suna ba, na maƙwabci ne zai amsa."

Ta yi dariya, daga nan muka fara shiri. Sun karɓe ni hannu biyu. Fura da safe, fura da rana, fura in ka yi tari. Tuwon gero da miyar kuka, da dambun zogale mai ƙuli da har yanzu nake tunawa. Inna ta ɗanɗana ragowar shiton, ta sha ruwa moɗa biyu, ta ce mutanen Ghana ba su da tausayi. Kashegari na nemi kwalbar na rasa, ashe tana ɗakinta.

A rana ta biyu na tambayi moton. Sakina ta nuna mini wata rumfa a bayan rumbu. Yana can an lulluɓe shi da buhuna, har da laya a ɗaure a hannunsa.

Inna ta ce, "Wannan abin iska gare shi. Sau biyu yana kayar da ɗana. A hanya sumul sai ya riƙa tsalle kamar bunsuru, ka ce masa gabas ya ja ka kudu. Ran nan a fadama juyawa ya yi da kansa ya fuskanci gida. Na rantse surukata ba za ta hau shi da cikin jikana ba. In lokaci ya yi ga amalanke, in bai samu ba, mu ma a ɗaki muka haihu."

Ni baƙuwa ce, kuma uwar mace. Ban isa in ce mata ba haka ba a cikin gidanta. Na ce Allah ya kawo sauƙi, na bar maganar ta kwana.

Da safe na je rumfar ni kaɗai, na yaye buhunan. Na danna babban yatsana a jikin taya kamar yadda na ga Masta yana yi shekara da shekaru. Dutse. Na zaga ta biyu, dutse. Ta baya ta hagu ta fi su duka, ta dama ta ɗan fi sauƙi. Waɗanda ake kawo mana gareji in ka danna sai su ɗan lotsa kamar dokunu mai zafi, tuwon masaran nan namu, don da laushin suke kama yashi da taɓo. Kuma in ɗaya ta fi 'yar'uwarta tauri, dole moto ya riƙa ja gefe. Daɗi ya kama ni, ban san lokacin da na ce da ƙarfi ba, "Gaskiyar Inna ne, iska ne. Ya yi yawa. Zan cire shi."

Ashe wata mai ɗibar gero a rumbu ta ji ni.

Kafin in gama karyawa gidan ya cika. Mata har daga unguwar masunta, wata da garwashi da turare, wata ta ce a nemo baƙar kaza. Inna ta ja ni gefe ta rage murya. "Ashe kina da wannan ilimin kika ɓoye?"

Na ce, "Inna, iskar famfon taya nake nufi, ba ta daji ba."

"To, to. Ku masu abin haka kuke cewa."

Aka kira Garba mai faci, wanda ke ba tayoyin garin iska. Ya zo ransa a ɓace. Ya ce, "Hajiya, shekara nawa ina wannan aiki. Taya in ta ƙoshi, ka buga mata ƙarfe ta amsa ƙau. Ni da kunne nake awo. Amalanke, keke, moto, duk haka nake musu, ba wanda ya taɓa kawo ƙara."

Na ce, "Malam Garba, aikinka mai kyau ne, ko ɗigo ba ta zubarwa. Wannan dai cikinta ƙarami ne, ba ta cin abincin manya."

Na roƙi ruwa da tsumma na wanke robar da ke saman tayar baya, inda na san ana manna takarda. Taɓo na fita sai ga ta, da hoton taya da lamba a gefe. Na sa yatsa na karanta a fili, biyar. Na ciro gejin Masta na dafa a bakin tayar, sandar cikinsa ta yi tsalle ta fito har ƙarshe, lambobin ma sun ƙare. Garba ya karɓa ya juya shi, ya duba takardar, ya ce shi dai ba a taɓa nuna masa ba. Na ce ni ma da ba a nuna mini ba da ban sani ba.

Sai na ce bismillahi, na danna tsinken bakin tayar.

Fiiiiii!

Wallahi ban taɓa ganin gudu irin wannan ba. Mai turare ta watsar da garwashi, wata ta bar takalmi, wata ta faɗa ɗakin da ba nata ba tana a'uzu. Inna kaɗai ta tsaya, ta dafe ƙirji, leɓenta na motsi. Sakina kuwa dariya take tana riƙe ciki tana cewa, "Mma, ki bari, za ki sa in haihu yau." Na bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, in rage in auna, in rage in auna, har huɗun suka tsaya a kan biyar.

Na sake ce wa Inna iskar da Garba ya sa ce kawai. Ta ce, "Na ji ta da kunnena tana huci tana fita. Ke ki kira ta abin da kike so."

To kun ji asalin aljanun.

Sauran aikin ya ɗauke mu kwana biyu, don moton ya daɗe ba mai kula da shi. Waya ba ta kamawa sai a kan wani suri a bayan gari, nan nake hawa da tsufana in kira Masta, ya faɗa mini, in sauko in faɗa. Matsalar ita ce Hamidu ba ya iya haɗa ido da ni, ni ma kunyar tasa ta fara kama ni. Sai Sakina ta zama tafinta daga kan tabarma.

In ce, "Gaya wa maigidanki ya ɗaga kujerar, akwai akwati a ƙasa."

Ta ce, "Mma ta ce ka ɗaga kujera, wai ko albasa kaɗai ka iya ɗagawa?"

"Ni ban ce haka ba!"

A cikin akwatin akwai soson da inji ke shaƙar iska ta cikinsa. Ya toshe da ƙasa har ya yi nauyi. Na wanke shi da ruwan sabulu sau huɗu, na shanya a inuwa. Masta ya ce kada in murɗa shi ya yage, in matsa shi kamar ina tace kamu. Da ya bushe na ɗiga masa baƙin mai kaɗan na mulmula har ya ratsa, don man ne ke kama ƙura. Muka tura moton wuri mai daidai, Hamidu ya zaro sandar awon mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Man ya yi ƙasa, ya yi baƙi kamar bayan tukunya. Garba da kansa ya je Gaya ya sayo sabo, shi ya juye tsohon, shi ya sauya fulogi. Muka kankare busasshen taɓon da ya rufe injin yana hana shi shan iska, aka ɗaure notocin ƙafa, aka gwada birki gaba da baya. Da Hamidu ya tayar, muryar ta fito sumul, ba tari.

Duk da haka Inna ta ce rantsuwarta tana nan.

Moton yana da 'yar tirela da ake ɗora buhunan shinkafa. Na sa aka shimfiɗa katifa a ciki. Na ce, "Inna, bari ni in hau. A kai ni asibitin a dawo da ni. In ya kayar da ni, magana ta ƙare, ba zan sake tayar da ita ba."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Na hau na zauna na kama ƙarfe. Hamidu zai ja ke nan sai ta daka masa tsawa ya tsaya. Ta tattare zane ta hawo.

"Baƙuwa ba za ta mutu ita kaɗai a gidana ba. Matsa."

Da muka shiga fadama ta riƙe hannuna har ƙashi ya yi ƙara. Moton ya bi taɓon a hankali, tayoyin suna baje ƙafa suna kamawa, ba tsalle, ba ja gefe. Muka wuce inda na bar silifana. A dawowa Inna ce ke ce wa ɗanta, "Kai, haka za ka yi ta rarrafe? Ba ka ci abinci ba ne?"

Daga ranar, kowace safiya bayan na gaida mutan gida sai in je rumfar. Tayoyi huɗu, sandar mai, birki, in leƙa ƙasa ko wani abu na ɗiga, in tabbata tanki a cike yake. In an fita da shi an dawo, a wanke taɓon tun bai bushe ba. Inna takan biyo ni da goronta, wai kallo take.

Kwana goma sha ɗaya muna haka. Ran na sha biyu aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai tsagaita ba sai hantsi. Sakina ta ce kanta na sara, idonta na ganin wuta-wuta, ga mara ta fara. Abin da malamar ta ce mu ji tsoro ke nan. Ba wanda ya yi gardama, ba wanda ya nemi komai, don komai na nan a shirye tun safe. Muka kwantar da ita a katifa, kanta a cinyata, ƙafafunta a cinyar Inna, aka rufa mana leda.

Fadamar ta cika, wani wurin ruwa har gwiwa. Muka wuce wani amalanke da ya kafe, an kwance shanun, mutane na tsaye cirko-cirko. Inna ta bi shi da kallo, ta dube ni. Ni kuma ina shafa goshin yarinyata ina karanta duk abin da na haddace. Kafin tukunyar wake ta nuna muna ƙofar asibiti.

Malamar na auna ta ta kira 'yar'uwar aikinta da gudu, suka yi mata allura, suka ɗaura mata ƙarin ruwa, suka rufe ƙofa. Muka zauna a benci, ni da Inna, taɓo har gira. Bayan la'asar muka ji kuka. Mace ce. Malamar ta fito ta ce uwa da 'ya lafiya, kuma mun kyauta da ba mu tsaya jira ba. Inna ta tashi ta rangaɗa guɗa a cikin asibitin mutane, sai da aka ce ta yi a hankali.

Na zauna har aka yi arba'in, na yi wa Sakina wanka irin namu, Inna ta yi mata irin nasu, yarinya ta sha ruwan zafi kashi biyu. Ranar da zan taho, Hamidu ya fito da moton zai kai ni Gaya. Ana ɗora kaya sai ga Garba da famfonsa a kafaɗa, wai tunda tafiyar da nisa, ga kaya, bari ya ɗan ƙara wa tayoyin, kyauta, sallamarsa ke nan.

Inna ta sha gabansa. "Garba, ajiye sandar nan tun muna shiri."

Ta miƙa wa Sakina jaririyar, ta zaga moton tana danna kowace taya da babban yatsa, fuskarta a murtuke kamar mai zaɓen doya a kasuwar Makola. Da ta zo ta baya ta dama ta danna, ta sake dannawa.

"Hajara, zo ki ji wannan. Kamar ta yi sanyi fiye da 'yan'uwanta."

Na sa geji. Huɗu.

Ta juya ta dubi Garba. "To, yanzu kawo famfon. Bugu biyu, ina tsaye."